Tsara Kicin na Harhaɗawa Wanda Zai Riƙa Tafiya da Halin Gida

Kicin na harhaɗawa shi ne wanda aka ƙera kabad ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, kowanne akwati mai zaman kansa da ma'auni sananne, sannan aka jera su, aka ɗaure da sukuru, aka shimfiɗa kanta guda a samansu. Mai kallo zai ga abu ɗaya ne daga wannan bango zuwa wancan, amma kafinta ya san akwati shida ne ko takwas, kuma yana iya kwance na uku ya fitar ba tare da ya taɓa na biyu da na huɗu ba. A nan ya bambanta da kicin ɗin da aka saba gani a gidaje da yawa na Kano, Kaduna, Zariya ko Maraɗi, inda magini ke ɗora bulo, ya zuba kankare, ya manna tayil, kafinta ya zo daga baya ya sa ƙofofi a gaba. Wannan na kankare yana da ƙarfi, ruwa bai dame shi ba, gara ba ta cin sa. Illarsa ita ce ranar da aka gama shi ya zauna ke nan, duk wani sauyi sai an kawo guduma an yi ƙura.

Gida kuwa ba ya zama yadda aka fara shi. Kicin ɗin da aka yi wa amarya jere a cikinsa mutum biyu yake ciyarwa, ƙaramar tukunya da kula biyu sun wadatar. Kafin shekara goma ta zagayo an sami yara huɗu ko biyar, ƙanin miji ya zo karatu, ana sayen shinkafa da masara buhu-buhu maimakon kwano-kwano. Wata rana a ɗauko tsohuwa daga ƙauye saboda jinya, ko a yi wa uwargida abokiyar zama, ko matar gida ta fara sana'ar cincin da kek. Bayan wasu shekarun 'ya'ya su watse gidajensu, a koma mutum biyu, amma yanzu gwiwa ba ta son durƙuso, kafaɗa ba ta son miƙa. Ɗaki ɗaya ne zai ɗauki duk wannan. Amfanin tsarin harhaɗawa shi ne a iya sake masa fasali a kowane mataki da sukundireba kawai. Sai dai sayen akwatuna shi kaɗai ba ya kawo wannan sauƙi, yawancinsa yana zuwa ne daga shawarar da aka yanke tun kafin a yi wa bango filasta.

Inda tsarin ya samo asali

A shekarar 1926, lokacin da birnin Frankfurt na Jamus ke gina gidajen ma'aikata masu ɗimbin yawa a ƙarƙashin jagorancin Ernst May, an ɗora wa wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, aikin tsara kicin ɗin waɗannan gidaje. Ta bi aikin girki daki-daki, tana auna lokaci da yawan takun da mace ke yi tsakanin murhu da wurin wanke-wanke da ma'ajiyar abinci, irin yadda ake auna motsin ma'aikata a masana'antun wancan zamani. Abin da ta fitar ɗaki ne siriri, faɗinsa mita 1.9, tsawonsa mita 3.4, komai da gurbinsa: kujera mai juyawa, allon guga mai naɗewa a jikin bango, fitila mai tafiya a kan ƙarfe a rufi, da jerin ƙananan mazubai na alminiyum da aka rubuta wa kowanne sunan abin da za a zuba masa, gari ko sukari ko shinkafa. An girka kusan 10,000 irinsa.

Aikin ya yi fice, kuma kusan duk kicin na zamani jikansa ne. Amma ƙorafin da matan da suka zauna a gidajen suka yi ya fi zanen kansa amfani ga mai shirin gini yau. Ɗakin bai isa mutum biyu su yi aiki tare ba, mai girki tana keɓe ita kaɗai, nesa da yaranta. Mazuban da aka rubuta wa suna, kowace mace ta zuba abin da ta ga dama a ciki, ga shi hannun yara yana kai musu. An tsara ɗakin da kyau ƙwarai, amma an tsara shi ne don iyali iri ɗaya mai girki iri ɗaya.

Gyaran ya zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1950 kamfanin Poggenpohl na Jamus ya fito da wani tsari mai suna Form 1000, na kabad ɗai-ɗai da mai saye zai zaɓa ya haɗa gwargwadon ɗakinsa. Maƙeran Turai kuma suka daidaita a kan wata hanyar huda katako wadda har yau ita ce ƙashin bayan sana'ar: a cikin bangon kowane kabad ana jera ramuka masu faɗin milimita 5, tazarar milimita 32 tsakanin rami da rami. Masu ƙera hinji da layin durowa, irin su Blum da Hettich, suna yin kayansu daidai da wannan tazara. Shi ya sa akwatin da yau yake da ƙofa da kanta biyu a ciki, gobe ana iya cire su a sa masa durowa uku ba tare da an huda sabon rami ba. Wanda zai ba kafinta aiki, ya dace ya tambaye shi ko yana huda waɗannan ramuka. Kafintoci da yawa suna buga kantar ciki da ƙusa da gam, kabad ɗin ya fito da kyau a ido, amma ba ya sauyuwa.

Ma'auni

Tushen lissafin shi ne santimita 60, abin da kafinta zai kira ƙafa biyu. Zurfin kabad na ƙasa ke nan, kuma faɗin yawancin na'urorin da ake sakawa cikin jeri ke nan, daga tandar gashi zuwa injin wanke kwanuka. Allon katakon da ake sayarwa a kasuwa ƙafa huɗu ne da ƙafa takwas, wato santimita 122 da 244, don haka yana tsagewa biyu daidai ba a yi asarar gefe mai yawa ba. Faɗin akwatunan yakan zama 30, 40, 60 ko 80. Tsayin kanta daga ƙasa kimanin santimita 90 ne, kabad na sama zurfinsa 30 zuwa 35, ana barin tazarar 50 zuwa 60 tsakaninsa da kanta.

Gwargwadon ƙarancin nau'in faɗin da aka yi amfani da shi, gwargwadon sauƙin musanya. Jerin da aka yi da akwatuna masu faɗin 60 zalla, kamar bulo ne mai girma ɗaya, kowanne yana shiga gurbin ɗan'uwansa. Idan kuwa kafinta ya raba bangon yadda ya zo masa, wannan 53, wancan 71, to kowane akwati ya auri wurinsa. Ragowar bangon da bai cika ma'auni ba, a rufe shi da siririn katako. Ana ma buƙatar irin wannan ciko na kimanin santimita 5 a inda jeri ya haɗu da bango, domin ƙofa ta buɗe sosai, hannun durowa kuma kada ya daki gefen taga. Bango ba ya miƙewa sak ko a ginin da aka kashe wa kuɗi, saboda haka a auna faɗin ɗaki a ƙasa, a tsakiya, a sama, a yi aiki da mafi ƙanƙanta.

Santimita 90 ba doka ba ce. Abin da ya fi dacewa shi ne kanta ta kasance ƙasa da gwiwar hannun mai aiki da santimita 10 zuwa 15 idan ta tsaya ta lanƙwasa hannu. Doguwar mace za ta sha ciwon baya a kanta gajeriya, gajeriya kuma za ta riƙa ɗaga kafaɗa. Ƙafafun roba masu juyawa da ake sa wa kabad a ƙasa suna ba da damar ƙarawa ko ragewa kaɗan, kuma su ne ke daidaita jeri a daɓen da ya karkace.

Akwai wata ƙa'ida da masu zane suka gada daga binciken da aka yi a Jami'ar Illinois ta Amurka a shekarun 1940: murhu, wurin wanke-wanke da firji su zama kusurwoyi uku, tazarar kowane biyu kada ta gaza mita 1.2, kada ta wuce 2.7. Tana da amfani, amma an gina ta a kan mai girki ɗaya. A gidan da ake haɗuwa mutum uku da la'asar ɗin azumi, wannan na suyar ƙosai, wannan na dama kunu, waccan na fere dankali, abin da ya fi muhimmanci shi ne faɗin hanya. Mita ɗaya tsakanin jeri biyu ya ishi mutum ɗaya. Idan za a riƙa giftawa da tukunya mai zafi ta bayan wani, sai an kai santimita 120. Game da siffar jeri kuwa, wanda ya bi bango ɗaya ko ya lanƙwasa ya bi biyu shi ya fi karɓar ƙari, domin ya bar bango a sake. Wanda ya zagaye bango uku yana ɗaukar kaya da yawa tun farko, amma ya cinye gaba, ga lungu biyu masu zurfi da hannu ba ya kai wa ƙarshensu.

Abin da ba ya motsi

A kowane kicin akwai abubuwan da ba su san harhaɗawa ba: bututun ruwa, magudana, wayar lantarki, hanyar gas, taga da ƙofa. Kabad yana tashi cikin awa ɗaya, magudana kuwa sai an fasa daɓe. Don haka hankalin mai gini ya fi kamata ya tattaru a nan, ko da yake nan ne ido ba ya gani kuma nan ne aka fi yin ƙwauro.

Wurin wanke-wanke ya zauna a bangon waje, kusa da inda ruwa zai fita, kuma in da hali a ƙarƙashin taga. Bututun da ya yi doguwar tafiya a kwance yana tara maiƙo, musamman a gidan da ake yawan amfani da manja da man gyaɗa. Yana da kyau a ja wani reshen ruwa da na magudana zuwa gurbin da ke maƙwabtaka, a toshe bakinsu. Kuɗin wannan a lokacin gini bai taka kara ya karya ba, kuma ranar da aka sayi injin wanki ko aka so ƙara wurin wanke-wanke na biyu, aikin rabin yini ne. A unguwannin da famfo ke ɗaukewa, a bar gurbi ɗaya mara kanta a ciki don jarka ko bokiti mai murfi. Jarka mai lita 25 nauyinta ya kai kilo 25, wurinta ƙasa ne.

Soket ba ya yawa a kicin. Amarya takan shigo da injin markaɗe da butar lantarki, daga baya a ƙara na'urar ɗumama abinci, injin kwaɓa fulawa, tukunyar shinkafa. Idan soket biyu ne kacal, ƙarshenta za a ja waya mai baki da yawa a ajiye a kan kanta kusa da ruwa, kuma wannan hanyar gobara ce. A jera soket a saman kanta a kowane bango, har da bangon da ba a sa masa kabad ba tukuna, a nisanta su da famfo da murhu. Tandar lantarki tana buƙatar layinta daban mai waya mai kauri. Firji da firiza ma a ba su layi na musamman tun daga allon rarraba wuta, saboda ranar da aka sa sola ko inbata a iya ɗora su kaɗai a kai ba tare da an sake wayarin ba. Na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, mai ma'aunin miliamfiya 30, ta cancanci kuɗinta a ɗakin da ake taɓa kayan lantarki da jiƙaƙƙen hannu.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan ya zurare ba ya tashi sama ya fita ta taga, ƙasa yake kwanciya ya taru. Tukunyar gas mai kilo 12.5 da aka kulle cikin kabad mara kafa, kusa da soket, haɗari ne da ake kwana da shi. Mafi aminci a gina mata ɗan keji a waje, cikin inuwa, a tsaye, a huda bango a shigo da bututu. In ba hali sai a ciki, gurbinta ya kasance da kafar iska a ƙasa mai fita waje, kuma tiyo ya kasance inda ido zai gan shi a lura da tsagewa. Warin da ake ji an ƙara wa gas ɗin ne da gangan don a farga, kuma wanda ya ji shi kada ya taɓa makunnin wuta, ya rufe kan tukunya ya buɗe ƙofa da taga.

Akwai shawara ɗaya da ta fi sauran tasiri, ita ce a manna tayil a daɓe gaba ɗaya, bango zuwa bango, kafin a shigo da kabad ko ɗaya, haka ma tayil ɗin bango. Masu aiki sukan so su tsaya a bakin kabad don a rage kuɗi. Wanda ya yarda da haka, duk ranar da ya janye akwati zai tarar da siminti tsirara, kuma da wuya ya sake samun irin tayil ɗin a kasuwa bayan shekara biyar.

Girkin gidan, ba na hoto ba

Yawancin hotunan kicin da ke yawo a waya an zana su ne don mutanen da ke dafa abinci a ƙananan tukwane, suna cefane mako-mako. Girkin Bahaushe yana da nasa sharuɗɗan, kuma kafinta ba zai san su ba sai mai girkin ta faɗa masa. Abin takaici, sau da yawa maigida da kafinta ne ke gama magana, wadda za ta tsaya a ɗakin kullum sai dai ta ga aiki an gama.

A ɗauki tuƙin tuwo. Murhun gas na ɗorawa yana da tsayin kusan santimita 10. Idan aka ɗora shi a kanta mai 90, aka ɗora tukunya mai zurfin 30, bakin tukunyar ya kai santimita 130 daga ƙasa, wato ƙirjin mace matsakaiciya. A wannan tsayi ba ta da ƙarfin danna muciya, tururi yana dukan fuskarta, tukunyar kuma tana zamewa. Shi ya sa a gidaje da dama za a tarar da kicin mai tsada, amma an sauke murhun ƙasa, matar gida na kan kujera 'yar tsugunno tana tuƙi. Ba laifinta ba ne, zanen ne bai san da tuwo ba. Maganin shi ne akwatin da murhu zai zauna a kai ya zama gajere, santimita 65 zuwa 75, ko a tanadi gurbi a ƙasa don babban murhu mai baki ɗaya. A tsarin harhaɗawa wannan abu ne mai sauƙi, akwati ɗaya ne ya bambanta da 'yan'uwansa.

Turmi ma yana son wurinsa. Daka a kan tayil yana fasa shi, don haka ko a ware masa wuri a tsakar gida kusa da ƙofar kicin, ko a bar wani yanki na daɓen siminti. Taɓarya da muciya da babban ludayi suna buƙatar gurbi dogo siriri. Buhun shinkafa mai kilo 50 ba kayan kanta ba ne: allo mai kaurin milimita 18 yana lanƙwashewa idan faɗinsa ya wuce santimita 80 ko da kayan ba su kai haka nauyi ba, layin durowa na yau da kullum kuma galibi kilo 25 zuwa 30 yake ɗauka. Hatsi ya zauna a sito, ko a cikin roba mai murfi a kan ɗan katako mai taya wanda ake turawa ƙarƙashin kanta, ya ɗaga daga ƙasa saboda danshi da ɓera. Manyan tukwanen suna da biki, waɗanda ake fitowa da su sau biyu ko uku a shekara, su hau can sama ko su tafi sito, kada su tare wurin da hannu ke kaiwa kullum.

Firiza mai buɗewa ta sama, wadda ake cikawa da naman layya ko ƙanƙarar sayarwa, faɗinta yakan kai mita ɗaya ko fiye, kuma murfinta yana buƙatar sarari a sama. Ko ba a saye ta ba tukuna, a bar mata bango da soket, kada a rataya kabad ƙasa-ƙasa a wurin. Ita da firji duka a nisanta su da murhu da hasken rana, a bar musu tazara a baya su sha iska.

Gas yakan ƙare ko ya yi tsada, a koma gawayi da itace, kuma girkin taro dama a waje ake yin sa. Saboda haka madafin tsakar gida ɓangare ne na tsarin, ƙofar kicin ta fuskance shi kai tsaye. Kurfoti kada ya shiga rufaffen ɗaki, domin gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ne babban tushenta, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Taga biyu masu fuskantar juna, ko taga da fanka mai zuƙe hayaƙi zuwa waje, sun fi kowace ƙawa muhimmanci.

Yadda ake sauya shi idan gida ya sauya

Da yaro ya fara rarrafe, kayan ƙasa da na sama sai su yi musayar wuri. Wuƙa, ashana, maganin ƙwari, sinadarin wanke daɓe da kananzir su koma sama ko cikin akwati mai makulli. Kananzir da aka zuba a robar lemo ya sha jefa yara cikin hatsari, domin sun ɗauka abin sha ne. Dogon kabad a ɗaure shi da bango, saboda yaro yakan ja durowa ya taka ta ya hau. Idan yara sun tasa, a ware musu durowa ɗaya ta ƙasa nesa da murhu, mai kofuna da faranti na roba, su ɗauka da kansu ba su shiga ƙafar mai girki ba.

A gidan da ake da mata biyu ko fiye masu karɓar girki, murhu da famfo na kowa ne, amma kowace tana da kayanta da aka kawo mata daga gidansu. Akwatuna masu girma ɗaya, kowace da nata da makullinta, suna kashe ƙananan maganganu tun kafin su tashi, kuma adalci a nan abu ne da ake iya aunawa da tef. Mai sana'ar abinci kuwa abin da take rasa shi ne fili. Tebur mai taya da birki, tsayinsa daidai da kanta, ana jawo shi tsakiya ranar aiki a mayar da shi jikin bango in an gama, ya fi kafaffen tebur na tsakiya amfani a ɗaki matsakaici.

Tsufa da rashin lafiya su ne matakin da aka fi mantawa da shi. Kabad mai ƙofa yana tilasta wa mutum ya durƙusa ya zura hannu cikin duhu, durowa kuwa ita ke kawo kayan waje. Sauya ƙofofin ƙasa zuwa durowa shi ne gyara mafi amfani ga mai ciwon gwiwa ko baya, kuma a nan ne ramukan nan masu tazarar milimita 32 ke biyan kuɗinsu. Idan aka cire akwati ɗaya aka bar kanta a samansa, an sami wurin da za a zauna a kujera a yi yanka da gyaran kayan miya. Mai keken guragu yana buƙatar sararin gwiwa mai tsayin kusan santimita 70 a ƙarƙashin kanta, kanta mai ƙasa da yadda aka saba, da fili mai faɗin santimita 150 don ya juya. Hannun ƙofa mai lanƙwasa da yatsu ke shiga ya fi ɗan dunƙule, famfo mai mariƙin ɗagawa ya fi na murɗawa, fitila a ƙarƙashin kabad na sama tana taimakon idon da ya raunana, tayil mai santsi kuma a guje shi tun ranar farko.

Katako, kanta da kuɗi

Yanayin ƙasar Hausa yana gwada katako ta fuska biyu. Hunturu yana busar da shi ya tsuke ya tsage, damina ta kumbura shi ƙofa ta ƙi rufuwa. Allon da aka matse daga garin katako ba ya wannan motsi sosai kuma yana da araha, amma da ruwa ya shiga gefensa sai ya kumbura ya ruɓe, ba ya komawa. Filawud mai kyau ya fi jure ruwa kuma ya fi riƙe sukuru idan an kwance an sake ɗaurawa, abin da ke da muhimmanci ga kabad da ake sa ran motsawa. In kuɗi bai isa a yi duka da shi ba, a yi akwatin ƙarƙashin famfo da shi ko da alminiyum. Kowane gefen allo a rufe shi da tef ɗin gefe, har wanda ba a gani. Tunda a gidaje da yawa ana kwara ruwa ne a wanke daɓe, katako kada ya taɓa ƙasa: ya tsaya a kan ƙafafu masu tsayin santimita 10 zuwa 15, allon da ke rufe su kuma ya zama mai ɓallewa, a riƙa cire shi ana sharewa, a duba hanyar gara da maɓoyar kyankyaso.

Kanta ita ce ɓangaren da ya fi ƙin sauyi. Dogon dutse guda da aka huda wa ramin murhu da na wanke-wanke ya kafe waɗannan biyu a inda suke. Wanda ke son sassauci sai ya sa a yanka dutsen gida biyu ko uku, mahaɗin ya faɗo daidai inda akwati ya haɗu da akwati, ya kuma zaɓi murhun ɗorawa maimakon na hudawa. Giranayit yana jure tukunya mai zafi da wuƙa. Mabul yana da kyau amma tsami yana cin sa, ruwan tsamiya da lemun tsami suna bar masa tabo. Dutsen haɗi na masana'anta kuwa, ƙurarsa tana lalata huhun masu yanka shi, har ƙasar Ostireliya ta haramta shi daga 1 ga Yulin 2024. Kowane irin dutse ne, a yanka shi da ruwa, a waje, mai yankan ya rufe hanci da abin kariya na gaske.

Sayen kabad na babban kamfani ba ya ba da tabbacin samun ƙari har abada. Kamfanin IKEA na Suwidin ya maye gurbin tsarinsa na FAKTUM da METOD tsakanin 2013 da 2014, kuma ƙofofin sabon ba sa hawa akwatunan tsohon. Kafintan unguwa da ke bin ma'auni sananne, yana aiki da hinji irin wanda ake samu a kowace kasuwa da allo mai launin da ba ya ɓacewa, kamar fari ko ruwan toka, yana iya zama mafi dogaro.

Wajen kashe kuɗi, abin da ke cikin bango da daɓe shi ne na farko, sai akwatuna da hinji da layin durowa, ƙofofi su zo ƙarshe, domin su ake iya sauyawa a kowane lokaci. Ba dole a cika ɗakin rana ɗaya ba. Akwati huɗu, na wanke-wanke, na murhu, na durowa da dogo ɗaya na kayan abinci, sun isa a fara zama, a riƙa ƙarawa idan hali ya samu. Iyayen amarya da ke shirin jere za su huta idan suka auna ɗakin kafin su shiga kasuwa. Ɗan haya kuma ya nemi akwatuna masu tsayawa da ƙafafunsu, kowanne da guntun kantarsa, waɗanda za su fita ta ƙofa su hau a-kori-kura ranar tashi, kuma ya yi magana da mai gida a rubuce kan abin da zai bari da abin da zai ɗauka.

Kafin a yi filasta, a ɗauki hoton kowane bango yadda bututu da waya suka bi, da tef a miƙe a jiki don a ga nisa. A ajiye hotunan tare da zanen kafinta mai ma'aunin kowane akwati, da sunan allon da lambar launinsa, da hinji huɗu ko shida, da kwali ɗaya na tayil. Wanda zai zo huda bango bayan shekara goma don rataya sabon kabad, ko ba shi ne ya yi aikin farko ba, da waɗannan zai san inda bututun ruwa ya ratsa.